Yadda za ka buɗe shafin emuleta da tsofaffin gem, ka kuma riƙe shi kada a rufe maka

Duk wanda ya taso yana zuwa gem santa, a buga Winning Eleven ko Mortal Kombat wanda aka ci ya miƙa fad ya tashi, ya san dalilin da ya sa har yau mutane ke cika waya da PPSSPP da su AetherSX2, wato emuleta, manhajojin da ke sa gem ɗin PSP da PS2 su tashi a waya. Kuma in abin ya shiga jinin mutum sai tunani ya zo masa, to ni ma me zai hana in buɗe shafi na tara gem a ciki jama'a su riƙa saukewa? Wannan jagorar taka ce in kana wannan tunanin. Amma bari in faɗa maka matsayata tun yanzu don kada mu yi nisa ka ce ban gaya maka ba: shafin da ke daɗewa a wannan harkar shi ne wanda ke koya wa mutane yadda za su sa gem ya tashi ya kuma yi gudu, wanda ya zama rumbun fayilolin Nintendo da Sony kuwa kwanansa ƙirgagge ne.

Mataki na farko: ka san abin da zai iya ja maka

Abu uku ne mutane ke haɗawa su kira shi "gem", kuma a wurin doka kowanne da hukuncinsa. Akwai emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon na'urar. Akwai BIOS, ƙaramar manhajar da kamfani ya dasa cikin na'urar. Sannan akwai gem ɗin kansa, ROM in daga kaset aka ciro shi, ISO in daga faifai ne.

Ita emuleta an daɗe da gwada ta a kotu. Sony ta kai kamfanin Connectix ƙara kan emuletarsu ta PlayStation mai suna Virtual Game Station, a shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba Connectix gaskiya. Haka Sony ta yi ta jan kamfanin Bleem, masu wata emuletar PlayStation, a kotu, ba ta kayar da su ba amma kuɗin lauyoyi ya cinye su suka rufe a 2001, ka ga ko kana da gaskiya aljihu na iya kasa ka. BIOS da gem kuwa kayan kamfani ne, babu wata maganar wai "ai ya tsufa" ko "ai sun daina sayarwa". Super Mario Bros. na 1985 ne, a dokar Amurka aikin kamfani shekara 95 yake yi a kulle, lissafa ka gani, sai wajen 2080. Shi kuma rubutun nan da ake mannawa a ƙasan shafi wai "ka goge bayan awa 24" wallahi ba ya kare kowa, babu shi a kowace doka.

Dubi abin da ya faru da manya. A 2018 Nintendo ta maka masu shafukan raba ROM na LoveROMs da LoveRETRO a kotu, wani mutum ne da matarsa a jihar Arizona, aka ƙare da yarjejeniyar sama da dala miliyan 12. Ganin haka a watan Agusta na wannan shekarar Emuparadise, shafin da ya shekara 18 yana aiki, ya kwashe duk ROM ɗinsa da kansa. Mai shafin RomUniverse ya tsaya ya kare kansa ba lauya, a 2021 aka yanke masa dala miliyan 2.1, kuma abin da ya ƙara tsananta masa shi ne yana karɓar kuɗin zama mamba. A Maris 2024 masu Yuzu, emuletar Switch, suka amince da biyan dala miliyan 2.4 suka rufe, Citra ta 3DS ta bi ta saboda mutanen ɗaya ne, Ryujinx ma, wata emuletar Switch, ta tsaya a Oktoba. Hatta shafin Vimm's Lair da ke nan tun 1997 an sa shi ya cire gem masu yawa a 2024.

Na san abin da za ka ce, wa zai zo Kano ko Maraɗi nemana? Ba sai sun zo ba ɗan uwa. Sabar da shafinka ke kai, wato kwamfutar da ke ɗauke da shi, galibi tana Amurka ko Turai, takardar koke ɗaya a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, DMCA ta 1998, ta isa kamfanin hostin, wato mai ba ka hayar sabar, ya kashe maka asusu, aikin wata da watanni ya tafi cikin dare ɗaya. Ɓuya a bayan Cloudflare, kamfanin da ke ɓoye inda sabar shafi take, ma ba mafita ba ce don suna tura koken ga mai sabar. Kuma a gida Najeriya sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta zo da nata tsarin sauke abin da aka ɗora a intanet ba izini.

Mataki na biyu: zaɓi ɓangarenka

Kada ka ce komai da komai za ka yi. Ɗauki abu ɗaya ko biyu, misali PSP da PS1 a wayoyin Android masu sauƙin kuɗi, ko Game Boy Advance da Sega, ko PS2 a tsohuwar laftof. In ka tambaye ni, na farkon ya fi, saboda yawancin bayanan da ke intanet an rubuta su ne don masu manyan wayoyi na Snapdragon, mu kuma Tecno da Infinix da Itel da ƙananan Redmi ne a hannun jama'a, masu Helio ko Unisoc da RAM 3GB ko 4GB. Mai irin wannan wayar da ke son ya san me ya sa God of War ke maƙalewa yana ƙarar murya kamar rediyo mai mataccen batir, kusan babu wanda ya zauna ya rubuta masa amsa da Hausa. Nan kasuwarka take.

Mataki na uku: suna da mazauni

Suna dai ka guji sa Nintendo, PlayStation, Pokemon ko kalmar ROM a ciki, tsokana ce kawai. Domen, wato adireshin shafin, na .com.ng ana biyansa da naira ta hannun kamfanonin da NiRA, mai kula da sunayen .ng, ta amince da su, ya fi sauƙi a kan .com da farashinsa ke bin dala. Ka yi rajistar da imel ɗinka na kanka, kada ka bar wani "mai haɗa shafi" ya yi da nasa, ranar da kuka saɓa shafin ya zama nasa. Ka kuma sa ranar sabuntawa a kalandar waya.

Mazauni kuma, tunda rubutu da hotuna da ƙananan fayiloli za ka ɗora, ba ka buƙatar kashe kuɗi da farko. GitHub Pages kyauta ne, shafi har 1GB, zirga-zirga kimanin 100GB a wata. Cloudflare Pages ma kyauta, sai dai fayil ɗaya ba ya wuce 25MB. Neocities na nan ga mai son ya rubuta HTML da hannu irin na da. Da Hugo ko Jekyll kana rubuta kowane bayani a fayil na Markdown, su mayar maka da shi shafi. In kuma ba ka son wannan ciwon kan, WordPress a kan ƙaramin hostin ya isa, amma fa sai ka riƙa sabunta shi da fulogin ɗinsa, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara masa, tsohon fulogin ne ƙofar da aka fi shigowa ta ciki a cusa wa shafi tallar caca. Makullin HTTPS kyauta ne ta Let's Encrypt, kada wani ya caje ka a kai.

Ga wani lissafi ga mai ganin har yanzu zai iya ɗora gem. Faifan UMD na PSP yana kai 1.8GB, DVD na PS2 4.7GB. A ce fayil ɗaya 1.5GB mutum dubu suka sauke, terabait ɗaya da rabi kenan a gem ɗaya tak. Wa zai biya? Shi ya sa masu yin haka ke ƙarewa a Mediafire da Google Drive, linki ya mutu yau a sake ɗorawa gobe, rabin shafin matattun linki.

Mataki na huɗu: abin da za ka zuba

Nan ne aikin yake, kuma nan zan fi daɗewa.

Fara da shafi ɗaya ga kowace emuleta: wace na'ura take kwaikwaya, ina ne gidanta na asali, tana buƙatar BIOS ko a'a, wane irin fayil take karanta. PPSSPP, wadda Henrik Rydgård ya fara a 2012, ba ta buƙatar BIOS sam, ta PSP ce, tana cin ISO da CSO, wato matsattsen ISO. DuckStation ta PS1 da PCSX2 ta PS2 dole sai da BIOS. mGBA ta Game Boy Advance tana da nata BIOS na ciki. Dolphin ta GameCube da Wii ce. RetroArch kuma uwa ce mai ɗauke da emuleta da yawa a ciki, tana da rikitarwa ga sabon shiga don haka ita kaɗai ta cancanci dogon bayani da hotuna. Masu iPhone ma ka tuna da su, tun Afrilu 2024 Apple ta buɗe ƙofa, Delta da PPSSPP da RetroArch duk sun shiga App Store.

Linki kullum ka kai mutum gidan asali, kada ka kwafo APK ka ajiye a wurinka. Dalili biyu: naka zai tsufa alhali su suna sabuntawa, sannan lasisi ya bambanta, PPSSPP da Dolphin da PCSX2 suna kan GPL, lasisin da ya yarda a raba bisa sharuɗɗa, Snes9x ta hana amfani da ita don kasuwanci, DuckStation kuma ta sauya lasisi a 2024 zuwa mai tsauri. AetherSX2 ita ce babban tarko, wanda ya ƙirƙire ta ya ajiye aikin tun farkon 2023, amma shafukan bogi masu sunanta sun cika gari suna raba APK da Allah kaɗai ya san abin da aka cusa ciki. Gargaɗi a kan wannan kaɗai ya isa ya sa mutane su yarda da kai.

Sai teburin gwaji, wanda a ganina shi ne zuciyar shafin. Kowane layi ya ƙunshi sunan waya, cif ɗinta, RAM, wace emuleta da lambar sigarta, wane gem, wane saitin, FPS nawa ya bayar, wato firam ko hoto nawa a daƙiƙa, da ranar da aka gwada. A PPSSPP abubuwan da suka fi tasiri su ne zaɓin hanyar zana hoto, Vulkan ko OpenGL, girman hoto (1x shi ne 480×272 na ainihin PSP, ƙaramar waya ta fara daga nan ko 2x), da tsallake firam. Kuma don Allah kada a gwada minti biyu a rubuta "yana yi lafiya". A buga kamar minti ashirin, a shiga wurin da abokan gaba suka yi yawa ko fili ya cika da 'yan kallo, domin a zafin watan Afrilu waya na ɗaukar zafi ta rage gudu da kanta, gem ɗin da ya fara da 30 sai ka ga ya sauka yana jan ƙafa. Rubuta wannan ma. Rubuta ko an cire kondon wayar, ko tana caji lokacin. Ba za ka mallaki kowace waya ba, saboda haka ka sa fom mutane su turo nasu sakamakon tare da hoton allo mai nuna FPS, wanda bai turo hoto ba kada ka sa.

Na gaba, koya wa mutane ciro gem daga abin da suka mallaka. Faifan PS1 ko PS2 ana sa shi a kwamfuta mai DVD a kwafe da ImgBurn, na PS1 ya fito BIN da CUE, na PS2 ISO. Kaset ɗin Game Boy akwai 'yar na'ura GB Operator, na Sega da Super Nintendo akwai Retrode. Don rage girma, chdman da ke zuwa tare da emuletar MAME yana matse faifai ya koma CHD, umarnin shi ne chdman createcd -i gem.cue -o gem.chd, kuma DuckStation da PCSX2 duk suna karantawa. Abin lura, yawancin faifan PS2 da suka yi yawo a kasuwanninmu kwafi ne tun asali, wasu an yi musu kwaskwarima an cusa sabbin 'yan wasa, don haka kada ka yi mamaki in lambarsu ba ta dace da ta asali ba.

Wace lamba? Kowane fayil yana da zanen yatsa, CRC32 ko MD5 ko SHA-1. Ƙungiyar No-Intro na ajiye na kaset, Redump na ajiye na faifai. A Windows ka buga certutil -hashfile gem.iso SHA1, ko in kana da 7-Zip ka danna dama a kan fayil ɗin ka zaɓi CRC SHA, sai ka gwada da tasu. Kai lambar za ka wallafa, mutum ya duba nasa fayil ya san ko lafiyayye ne. Rabin tambayoyin "baƙin allo yake nuna min" daga gurɓataccen fayil suke, wanda ya yanke a Xender ko aka buɗe shi rabi a ZArchiver.

To fayilolin da za ka iya rabawa hankali kwance fa? Suna da yawa fiye da yadda ake zato. Akwai sabbin gem da mutane ke ƙirƙira wa tsofaffin na'urori, itch.io cike yake da na Game Boy da NES, da yawa an yi su da GB Studio wanda kyauta ne kuma ba sai ka iya kodin sosai ba. Ka rubuta wa mai shi ka nemi izini, ka ajiye amsarsa, ka sa sunansa da linkinsa a shafin. Kyauta ba ta nufin an ba ka izinin rabawa, misali a shafin MAME akwai wasu tsofaffin gem irin su Gridlee da Robby Roto da masu su suka saki, amma sharaɗin daga shafin kaɗai za a sauke, kai sai dai ka nuna hanya. In ka samu izini, EmulatorJS zai ba ka damar sa gem ɗin ya tashi cikin burauza kai tsaye ba sai an sauke komai ba. Akwai kuma fayilolin saitin, da sef, da lambobin cit, duk ƙanana ne.

Sai faci, kuma wannan ne ya fi burge ni. Faci ƙaramin fayil ne da ke ɗauke da bambanci kawai tsakanin gem na asali da wanda aka gyara, mutum ya kawo nasa ROM ya manna. Da haka aka saki fassarar Mother 3 zuwa Turanci a 2008, faci kawai suka bayar ba su raba gem ɗin ba. Yi amfani da faci nau'in BPS maimakon nau'in IPS in da hali, domin BPS yana duba ko ROM ɗin da aka ba shi shi ne daidai, IPS kuwa mannawa kawai yake ko a kan me, ga shi ba ya wuce 16MB. Faifai kuma xdelta. Floating IPS na haɗa faci a kwamfuta, Rom Patcher JS na mannawa a burauza har a waya. Kullum ka rubuta SHA-1 na ROM ɗin da facin ke so, a Super Nintendo ka faɗi ko ROM ɗin mai hula ne, wato ƙarin bait 512 a farkon fayil, ko marar ita, wannan kaɗai ya sha ɓata wa mutane rai.

Kuma me zai hana a yi facin Hausa? Ɗauki ƙaramin gem mai ɗan rubutu, ka gano teburin haruffansa da manhajar hex mai nuna lambobin da ke cikin fayil, ka buɗe hotunan haruffan a YY-CHR ka zana ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a gurbin waɗanda ba za ka buƙata ba kamar q da v da x. Wahalar ita ce wuri, akwatin da aka yi wa kalma mai harafi huɗu ba zai ɗauki jimla ba, ko dai ka taƙaita ko ka koyi sauya alamomin da ke nuna inda kowane rubutu ya fara. In kana jin tsoron taɓa na kamfani, fara da na masu GB Studio, da yawansu murna za su yi a ce an fassara musu.

Mataki na biyar: ka tausaya wa mai data

Mai karatunka da waya yake shigowa, wataƙila da ragowar 200MB. Hotuna ka matse su zuwa WebP, kada bidiyo ya tashi da kansa, kusa da kowane linki ka rubuta girman fayil. Zip mai kalmar sirri da sai an kalli bidiyon minti goma kafin a ji ta, da linkin da ke ratsa shafi biyar na talla, da katon maɓallin saukewa na ƙarya, duk waɗannan su ne suka ɓata sunan harkar, kada ka kusance su.

Maganar kuɗi a taƙaice: AdSense, tsarin tallar Google, ba ya yarda da shafin da ke raba kayan wasu, masu tallar da ke yarda kuma su ne masu turo bairos da hotunan banza. Shafi mai tsabta zai iya samun AdSense, ko ka sa hanyar tallafi ga mai so. Kada dai ka taɓa sayar da damar saukewa, a shari'ar RomUniverse da ta Yuzu duk an kawo maganar kuɗin da suke karɓa.

Mataki na shida: jama'a

Za ka buɗe guruf a Telegram ko WhatsApp, kuma cikin awa ɗaya wani zai rubuto "Salam admin dan Allah a turo min PES". Ka kafa doka tun ranar farko ka maƙala ta a sama: ba a roƙon ROM, ba a tura linkinsa, ba a tura BIOS. Mai tambaya kuma ya faɗi sunan waya da emuleta da sigarta da hoton abin da ya gani, in ba haka ba kwana za ku yi kuna "wace waya ce?" Wasu za su yi fushi su fita, ba komai. Nemi mutum ɗaya ko biyu masu haƙuri su taya ka, duk tambayar da ta maimaitu sau uku ka mayar da ita rubutu a shafin, gobe linki kawai za ka miƙa.

Mataki na bakwai: takardar koke da ajiya

Ka sa shafin tuntuɓa da imel da kake dubawa da gaske. In koke ya zo, fara sauke abin, sannan ka duba ko da gaske daga mai haƙƙin ne, ka amsa cikin ladabi a gajarce. In kana da izini a rubuce sai ka tura musu kwafi. Faci ma ba a ce ba a taɓa shi ba, Nintendo ta sha rufe ayyukan masoya musamman na Pokemon, don haka duk abin da ya shafi gem da ake sayarwa yanzu a kasuwa, Switch da sauransu, ka bar shi gaba ɗaya.

Ajiya kuwa wuri uku: kwamfutarka, wani hadis ko filashi da ba ya jone kullum, da wani wuri a intanet daban da mai hostin ɗinka. In da Hugo kake aiki, kuma kana ajiye fayilolin a Git, manhajar da ke riƙe tarihin gyare-gyare, ya riga ya riƙe maka tarihin komai. In WordPress ne ka fitar da rumbun bayanan da jakar hotuna duk mako, kuma lokaci-lokaci ka gwada dawo da shi a kwamfuta ka tabbatar ajiyar na aiki. Romhacking.net da ya kusa shekara ashirin yana tara faci ya daina karɓar sababbi a Agusta 2024, abin da ya ceci kayan shi ne an miƙa kwafinsu ga Internet Archive. Kai ma teburin gwajinka ka riƙa fitar da shi a fayil na CSV kowa ya iya saukewa, sannan duk wata uku ka bi linkunan waje ɗaya bayan ɗaya, wanda ya mutu ka nemo sabon gidansa ko ka cire shi ka rubuta ranar da ka duba.